Faifai na Uku da Muryar Inna Sauda

"Da gajiya? Ya mutanen Tudun Kaya, ya Gwaggo da ƙafa?"

"Riƙe gaisuwarka, ba ita ta kawo ni ba."

Lami ke nan, tsaye a ƙofar shagon Musbahu mai gyaran waya da kwamfuta, nan bayan tashar Karaye, ranar kasuwa. Ta sauko daga acaɓa ko hijabi ba ta gyara ba, jakar laftof a kafaɗa, kular awara a hannu, fuskar nan a murtuke kamar ba ta taɓa dariya ba. Musbahu taubashinta ne. Ubansa da uwarta, wadda yake kira Gwaggo, ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan marigayiya Inna Sauda ta Rogo. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, don haka tun suna wasan ƙasa yake kiranta baiwarsa, ita kuwa ba ta taɓa barin ta kwana ba.

Amma yau babu wasa a ranta. Kwamfutar ta sake mutuwa, karo na uku ke nan, kuma a cikinta akwai abin da kuɗi ba ya saye: muryar Inna Sauda. Lami ce ta ɗauke ta da waya a daminar ƙarshe da tsohuwar ta gani, tana zaune a gindin rumbu tana lissafo kakanni. Wayar tuni ta faɗa rijiya, sai na cikin kwamfuta kaɗai ya rage. Ga shi ranar Juma'a za a yi sunan jikar Kawu a Rogo, an mayar da sunan Sauda. Kawu, wato uban Musbahu, ido ya tafi, sai kunne. Lami da bakinta ta yi masa alkawarin za ta kunna masa muryar mahaifiyarsa a ranar. Wannan kuwa ko za a yanka ta ba za ta faɗa wa Musbahu ba, don sau da yawa ya roƙe ta ta tura masa muryar ta hana, ta ce gida da garke suna hannun 'ya'yan maza, ita wannan ce rabonta.

Ta dire jakar a kan teburinsa.

"A hankali, baiwa. Teburin uban gidanki ne."

"Uban gidan wa? Allah Ya sauwaƙe min. Kai dai ka ji kunya, Musbahu. Tun shekaranjiya nake kiran wayarka, tana shiga, ka ƙi ɗauka. Sai ta katse sannan ka bugo min, ina ajin yara. Kullum haka kake min."

"Yo ina aka taɓa ganin bawa ya kira, uban gida ya amsa da gudu?"

"Ka amsa yanzu. Ga gawar da ka sayar min, na dawo maka da ita."

"Wace gawa kuma?"

"Faifan nan da ka sa mata. Ka rantse min sabo ne dal, a leda. Na farko ka ce tsufa ne ya kashe shi. Na biyu ka ce ƙaddara. Wannan fa, mayu ne suka kama shi?"

Faifan da take magana shi ne rumbun ajiyar kwamfuta, ɗan ƙarfe kamar tafin hannu mai juyawa a ciki, wanda komai na mutum yake kwana a kansa. Sau biyu yana soma ciwo, Musbahu yana samun sa da sauran numfashi, ya kwashe mata kayanta ya juye a sabo.

"Mayu ai sun fi ki tausayi," in ji Musbahu. "Ni a shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa ganin hannu irin naki ba. Ko dutse aka ba ki ajiya sai ya tsage."

"Kai kuma ko lafiyayyen jaki aka kawo maka gyara sai ya koma da ƙafa uku."

Tana faɗa idonta ya sauka kan gorar furarsa mai sanyi a gefen tebur. Ta ɗauka, ta buɗe, ta kafa kai.

"Ke! Furata ce! Yanzu 'yar Fulani ta dama min!"

"To sai me? Kai ƙara wajen Kawu. Taubashi ba ya sata, ɗauka yake yi. Haka muka tarar."

"Kin tabbata?"

"Ko a gaban alƙali."

"To, madalla. Ki riƙe maganarki, kada ki manta."

Ya jawo kwamfutar ya danna. Allon ya kawo, ya rubuta cewa tana ƙoƙarin gyara kanta, ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye. Can sai ya rikiɗe shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta koma inda ta faro. Lami tana tsaye a kansa tana kallon kowane zagaye.

"Ka gani? Haka take yi min, kamar akuyar da aka ɗaure a turke."

"Me kika taɓa mata?"

"Ban taɓa komai ba."

"Lami."

"Na ce ban taɓa ba! In ban da abin da Malam Rilwanu na makarantarmu ya nuna min."

"Ruwa ba ya tsami banza. Me ya nuna miki?"

"Ya ce tana tashi in yi ta danna wani maɓalli, za ta kawo zaɓi. In zaɓi wanda zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Rikabari ya ce sunansa."

Musbahu ya saki abin kwance noti ya dafe kai da hannu biyu.

"Kika danna?"

"Na danna mana. Ta fara, ta yi tafiya kaɗan, ta cije. Na bar ta tun hantsi har la'asar ba ta motsa ba. Daga baya ta rubuto wai an samu matsala, ba a canza komai ba."

"Shi Rilwanun me yake koyarwa?"

"Lissafi."

"To ya koma lissafinsa. Ke kin san ma'anar mayar da ita yadda ta fito daga kamfani? A kamfani da takardunki ta fito? Da hotunanki? Shara ce za ta yi, ƙarƙaf, ko tsinke ba za ta bari ba. Ki gode wa Allah faifan ya gaza. Da yana da lafiya, da kin share gidanki da hannunki."

Lami ta dubi kwamfutar. Ashe da hannunta ta so binne Inna karo na biyu. Amma Lami ce, sai ta mayar da tsoron masifa.

"Laifin wa? Da ka ɗauki waya zan je wajen Rilwanu? Kai ka jefa ni hannunsa!"

"Laifi tudu ne."

"Tudun ya rufta da kai. Gyara min abata, ni ba wa'azi na zo ji ba."

Ya zaro filash ɗinsa mai manhajar windo a ciki ya soka, ya tayar da ita ta nan. Ta tashi lafiya lau, Lami har ta fara sakin ajiyar zuciya. Sai da aka zo wurin da za ta nuna faifan ciki, wurin ya fito fayau, babu komai.

"Ina yake?"

"Ba ta ganin sa."

"Kamar yaya ba ta ganin sa? Yana cikinta fa! Ko ka sace shi tun wancan zuwan ka sa min kwali?"

"Da kwalin na sa miki da ya fi daɗewa."

Ya kife ta, ya kwance notuna, ya ɗaga murfin baya. Ya sunkuya zai hura fankar, sai ga shi ya ja da baya yana atishawa, ɗaya na bin ɗaya, ido ya yi jawur.

"Alhamdu… ke Lami! Attaruhu! Attaruhu a cikin kwamfuta!"

"Ƙarya kake."

"Zo ki sansana. Wannan farin da ya daskare a fanka kuma fa?" Ya kankaro da farce ya murza. "Ƙullun wake ne, wallahi. Baiwar Allah, kwamfuta kika saya ko kaskon ƙosai? A ina kike ajiye ta?"

"A kan benci."

"Wane benci?"

Lami dai malamar firamare ce da safe, da yamma kuma ita ke da injin markaɗe a zauren gidansu, duk unguwar nan wajenta ake kai wake da kayan miya. Wutar gari sai an ga dama, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da rasuwa. Wurin da yake da wuta a gidan ɗaya ne, inda janareta yake.

"Bencin injin," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Wanda aka ɗaure injin markaɗen a kansa?"

"Yo a ina kake so in samu wuta? Ina buga jarrabawar yara da hannu ɗaya, ina zuba wake da ɗaya. Ai jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya."

"Kin kuwa jefe su, har da na uku! Ke, abin nan juyawa yake a ciki, da 'yar allura a samansa da ko gashi bai kai ta siranta ba. Ko tari mai ƙarfi ba ya so. Ke kuma kin ɗora shi kan injin da in ya tashi har kwanukan maƙwabta rawa suke. In man janareta ya ƙare fa?"

"Ta mutu mana, ɗif."

"Tana tsakiyar aiki."

"To da sallama za ta yi min?"

"Kuma kika zo nan kina ce min ɓarawo! Gaban mutane! Wancan karon har mai shayi sai da kika tara min. Na yi ta zargin mutumin da nake saro kaya wajensa a Kano, na je na zazzage masa rashin mutunci, ashe makashin yana Tudun Kaya yana markaɗa wake!"

Yanzu shi ma ransa ya ɓaci da gaske, har jijiyar wuya ta tashi. Masu wucewa da buhunan masara suka fara rage tafiya suna leƙe.

"Kai ka taɓa tambayata inda nake ajiye ta? Likitan kirki tambaya yake yi. Kai kuwa sai dai ka cire ka sa, ka cire ka sa, kamar mai canza wa jariri tsumma."

"Ban ce ki sayi irin sabon faifan nan marar juyawa ba? Kika ce wayo zan yi miki."

"Da ka yi min bayani!"

"Ban ce ki juye kayanki a filash ki ajiye daban ba? Har kyauta na ba ki guda."

"Na ba wa ƙanwata Hidaya ta zuba karatu."

"To kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Bakinka dai, mai kai kamar tulun Rogo. Ka bar ihu bayan hari, ka ciro min kayana kamar yadda ka saba."

Ya zare faifan, ya sa shi cikin wani ɗan gida mai igiya, ya haɗa da tasa kwamfutar. Ya ɗaga hannu alamar ta yi shiru, ya kai shi kunne. Lami ma ta matso, har hijabinta yana gogar kafaɗarsa. Faifan ya yi ɗan gurnani kamar zai tashi, sai kuma ƙas, ƙas, ƙas. Ya tsaya. Ya sake: ƙas, ƙas, ƙas.

Musbahu ya cire igiyar da sauri.

"Me ya sa ka cire? Mayar!"

"In na bar shi, allurar ce za ta ci gaba da kartar sa. Wancan karon da na baya ciwo suke, na same su da rai. Wannan ya cika, Lami."

"Sa shi a firij. An ce ana sa shi a firij."

"In ji Rilwanu? Ki sa shi a tukunyar miya ma."

"Buɗe shi to!"

"A nan? Ga ƙurar kasuwa? Sai dai Kano, wajen masu na'ura, su ma sai sun ga dama, kuma ba su da tabbas. Ba aikin yau ko gobe ba ne."

"Kafin Juma'a fa?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Wai me ke cikinsa ne haka? Tambayoyin 'yan aji huɗu? Ki sake rubutawa mana. Akuya tana da ƙafa nawa, ai ba wuya."

Lami ta ja da baya. Ta zauna a kan bencin masu jira, kular awara a cinya. Takaici ya kama ta, takaicin kanta da na injin da na wannan mai ƙaton kan da zai yi mata dariya har kabari. Ta tuna Kawu ranar da ta yi masa alkawari, yadda ya lalubo hannunta ya riƙe, ya ce, ashe zan sake jin Inna kafin in bi ta. Hawaye ya zubo, ta share da ƙarfi kamar mai marin kanta.

"Inna ce a ciki," ta ce.

"Wace Inna?"

"Innar wa kake da ita? Muryarta. Babu ita a ko'ina sai nan. Na ce wa Kawu zan kunna masa ran suna. To ga shi, ka ji. Yi dariyarka. Ka ce rowa ta kashe baiwa. Ka hau mota ka tafi Rogo ka yi shela, ka ce Lami ta markaɗa muryar Inna da wake."

Musbahu ya dube ta, bai yi dariya ba, bai kuma ce sannu ba. Sai ya hau ɗaga tarkacen tebur, yana laluba aljihu.

"Ina na jefa wayata ne? Ke, ɗan kira min ita."

Lami ta ɗago, ido jawur.

"Me ka ce?"

"Wayata. Ɗan buga min in ji inda take."

"Musbahu, kai wane irin mutum ne? Ina gaya maka na rasa Inna, kana ce min waya? Wallahi ba jinin Kawu ba ne kai, a bola aka tsinto ka. Dutse ne a ƙirjinka. Allah Ya isa tsakanina da…"

"Ki kira dai, sannan ki ƙarasa Allah Ya isan."

Don ta samu abin da za ta jefe shi da shi in ta fito, ta zaro wayarta ta danna lambarsa da ƙarfi kamar za ta fasa allon.

Daga ƙarƙashin tulin matattun caja, wata murya ta taso, 'yar siririya mai rawa-rawa, da kukan kaji a bayanta.

"Ke Lami, ɗauke min abin nan daga baki. Ba ki da aiki sai ɗaukar maganar tsofaffi? Tashi ki duba tukunya, ga ƙauri nan ina ji tun daga nan."

Sai dariyar Inna Sauda, wadda take ƙarewa da tari.

Lami ta sandare. Wayar ta zame daga hannunta ta faɗa cinya. Muryar ta sake zagayowa, ta sake cewa ke Lami, har kiran ya katse don kansa. Shagon ya yi tsit, sai hayaniyar 'yan kamasho daga tasha.

"A ina ka samu?"

"A faifai na farko, ranar da nake juye miki kaya. Kin tsaya a kaina kamar dogari, kika tafi salla."

"Duka?"

"Har inda take cewa kakanmu ya auro ta da saniya mai ƙaho ɗaya. Yana wayata, yana kwamfutata, yana wani filash a gida cikin akwati. Ni ai ba a kan injin markaɗe nake ajiya ba."

Ta miƙe tsaye. Ka ce godiya za ta yi? Ashe ba ka san Lami ba.

"Ɓarawo! Ɓarawon Allah Ta'ala! Na hana ka, ka bi ta bayan gida! Amanar da na ba ka ke nan? Kuma kana ji kana gani na zauna ina kuka a gaban 'yan kasuwa!"

"Da na san abin da kike nema ke nan ai da ban bari kin zauna ba. Ke kika tsaya zurfin ciki. Sata kuwa, wa ya ce ɗazu taubashi ba ya sata?"

"Wannan fura ce!"

"Ko a gaban alƙali, kika ce."

Ta dubi gorar furar da ta shanye, ta dube shi. Rana dubu ta ɓarawo ake cewa, amma yau mai kayan ce aka kama.

"Kuma don wulaƙanci, duk maganar da Inna ta yi, sai wurin da take min faɗa ka yanko ka sa min a kira?"

"Nan ne ta fi gaskiya."

"Shi ya sa ba ka ɗauka, don ka ƙular da ni."

Musbahu ya sunkuyar da kai yana tattara notuna cikin murfin kwalba. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"In na ɗauka ai shiru take yi. Ke kaɗai ce in kin kira nake jin ta. Sai in bari ta gama."

Lami ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Duk zagin da ta tanado tun daga Tudun Kaya ya bi ruwa. Dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta, ta tura masa kular awarar har ta bugi gwiwar hannunsa.

"Ungo, ɓarawo. Da Gwaggonka ta ce in kawo maka, na rantse a raina ba za ka ci ba."

"A injin da ya kashe faifai aka markaɗa?"

"Ci ko ka bari."

"Faɗi abin da ya kamata tukuna. Wace ce ke?"

"Baiwarka ce. Daga yanzu zuwa Juma'a, ko minti ɗaya ban ƙara maka ba. Kuma ni zan kunna wa Kawu, da hannuna."

"Na ji. Kawo wayarki in tura miki. Kwamfutar kuma marar juyawa zan sa mata, da sabon batir, ki nemo mata tebur nesa da wake."

"Dakata tukuna."

Ta koma kan benci ta gyara zama, ta share fuska da gefen hijabi, ta sake danna lambarsa. Musbahu ya kai hannu wajen tulin caja, ta buge hannun.

"Kar ka ɗauka," ta ce.